RUƁAR MIKI BAYAN AIKIN FIƊA: ABIN DA BINCIKEN LIKITOCI YA GANO

'Yan'uwa manoma, a ce wani daga cikin ƙungiyarku ya yi shekaru yana fama da ƙaba. Da aka gama girbi sai ya sayar da buhu uku na masara, ya tafi asibiti, aka yi masa aiki, aka sallame shi. Kowa ya yi murna, har aka miƙa godiya a sujadar Lahadi. Bayan mako guda sai wurin ɗinkin ya kumbura, ya ɗau zafi, ya soma zubar da mugunya. Ga komawa asibiti, ga wankin miki kowace safiya, ga kuɗin mota, ga na magani. Aka sayar da akuya, aka ci bashi. Ruwan shuka ya sauka mutumin yana kwance, matarsa da yara suka yi abin da za su iya, amma rabin gonar ya zauna saura.

Likita ya yi aikinsa daidai, ƙabar kuwa ta gyaru. Abin da ya cinye wa gidan nan damina shi ne ruɓar miki. Likitoci sun yi fiye da shekara 150 suna binciken wannan matsala, kuma abin da suka gano zai amfane mu. Abubuwan da suka fi tsare miki masu sauƙi ne, yawancinsu masu araha, muddin an yi su a kan lokaci. Wasu aikin asibiti ne, wasu kuwa suna hannunmu.

YAWAN WAƊANDA ABIN YAKE SAMU

A shekarar 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, mutum 11 cikin kowane 100 da aka yi wa fiɗa mikinsu yakan ruɓe. A Afirka kuwa, cikin matan da aka yi wa aiki aka ciro jariri, akan sami har 20 cikin 100.

A shekarar 2018 aka buga sakamakon wata babbar ƙidaya a kan aikin ciki da hanji. An bi mutum 12,539 a asibitoci 343 na ƙasashe 66. A ƙasashe masu arziki, mutum 9 cikin 100 ne mikinsu ya ruɓe. A matsakaitan ƙasashe 14 ne. A ƙasashe matalauta kuwa 23 ne, watau kusan mutum ɗaya cikin huɗu. Ashe nauyin ya fi faɗa wa waɗanda ba su da halin ɗaukarsa.

YADDA CUTA TAKE SHIGA

Ƙwayoyin cuta wasu 'yan halittu ne ƙanana ƙwarai, ido ba ya ganinsu sai da madubin likita. Suna zaune a fatar kowane mutum, da cikin hancinsa, da ƙarƙashin farcensa, da cikin hanjinsa. Suna cikin ƙasa da kashin dabbobi da gurɓataccen ruwa. Muddin fata tana rufe ba su da ƙofa. An ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. To, wuƙar likita tana tsaga bangon, ko da yake domin alheri take yi.

Yawancin ƙwayoyin da ke ruɓar da mikin fiɗa daga jikin mai jinyar kansa suke fitowa, ko daga fatarsa, ko daga hanjinsa idan aikin ciki ne. Wasu sukan zo ta hannun ma'aikata da kayan aiki. Wasu kuma sai a gida suke shiga, ta hannun da ba a wanke ba, ko tsumma mai dauɗa. Idan sun shiga suka hayayyafa, jiki yakan tura sojojinsa na cikin jini su yaƙe su. Mugunyar da kuke gani gawar sojojin ce da ta ƙwayoyin da ruɓaɓɓen nama.

YADDA LIKITOCI SUKE GWAJI

Kun san abin da malamin gona yakan yi in an kawo sabon iri. Yakan raba fili biyu, ƙasa iri ɗaya, taki iri ɗaya, a shuka rana ɗaya. Gefe guda tsohon iri, gefe guda sabo. Da kaka sai a auna, buhu ya raba gardama. Da zai shuka sabon irin a fadama, tsohon kuwa a kan fako, ai gwajin ya zama ruɗi.

Haka likitoci suke yi. Sukan raba masu jinya kashi biyu, a yi wa kashi ɗaya yadda aka saba, ɗayan kuma a yi masa sabuwar dabara. Domin kada likita ya zaɓi ƙarfafa ya ba su sabon abu ya bar raunana da tsoho, ƙuri'a ce take raba su. Bayan kwana 30 sai a ƙirga mikin da ya ruɓe a kowane gefe. Kafin a fara kuwa, sai wani kwamiti ya duba ya tabbata ba za a cuci kowa ba. Wasu binciken da za mu ambata ƙidaya ce kawai ta abin da ya faru kafin gyara da bayansa. Waɗanda aka yi da ƙuri'a su ne shaidarsu ta fi ƙarfi.

WANKE HANNU DA KAYAN AIKI

A shekarar 1847, a wani babban asibiti na birnin Biyana ta ƙasar Ostiriya, akwai ɗakunan haihuwa biyu. A ɗaya ungozomai ne ke karɓar haihuwa, a ɗayan kuwa likitoci da ɗalibansu. Mata sun fi mutuwa da zazzaɓin bayan haihuwa a ɗakin likitocin. Wani likita mai suna Ignaz Semmelweis ya lura cewa ɗaliban sukan fito daga ɗakin da ake binciken gawa su wuce kai tsaye su duba mata. Sai ya kafa doka kowa ya wanke hannu da ruwan kulorin kafin ya taɓa mace. A watan Afrilu na shekarar, mata 18 cikin 100 ne suka mutu a ɗakin. A watan Yuni, bayan an soma wankin hannun, ba su wuce 2 ko 3 cikin 100 ba. Duk da haka manyan likitoci da yawa na zamanin suka ƙi yarda da shi.

A shekarar 1865, a birnin Gilasgo na ƙasar Sikotilan, aka kawo wa likita Joseph Lister wani yaro ɗan shekara 11 da keken doki ya taka masa ƙafa, ƙashi ya karye har fata ta tsage. A lokacin irin wannan karaya yawanci sai a yanke ƙafa, ko mutum ya mutu. Lister ya wanke mikin ya rufe shi da ƙyalle mai maganin kabolik, yaron ya warke da ƙafarsa. Daga nan ya shiga wanke hannu da wuƙaƙe da zare da maganin. Kafin ya fara, cikin mutum 35 da ya yanke wa hannu ko ƙafa, 16 sun mutu. Bayan ya fara, cikin 40, mutum 6 ne suka mutu.

Bayan aikin waɗannan mutane ne aka soma tafasa kayan aiki da turiri, da goge hannu har gwiwa, da sa safar hannu ta roba. Saboda haka in kun ga an hana dangi shiga ɗakin tiyata, kada ku ɗauka wulakanci ne.

REZA BA ABOKIYAR MIKI BA CE

Shekaru da yawa al'adar asibitoci ita ce a aske gashin wurin da za a yanka tun da daddare, gama ana ganin gashi ƙazanta ne. A shekarar 1971 wasu likitoci biyu a Amurka, Seropian da Reynolds, suka gwada wannan a kan mutum 406. Waɗanda aka aske da reza, kusan 6 cikin 100 mikinsu ya ruɓe. Waɗanda aka cire wa gashin da man shafawa, bai kai 1 cikin 100 ba.

Dalili shi ne, kome kaifin reza tana barin 'yan tsage-tsage a fata waɗanda ido ba ya gani. Kafin gari ya waye ƙwayoyin cuta sun cika su. Yanzu shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce a bar gashin, in kuwa ya zama dole a cire shi, a rage shi da injin aski. Don haka wanda za a yi wa aiki kada ya aske wurin a gida, kada kuma ya kira wanzami. Ya yi wanka sosai da sabulu, ya bar sauran ga ma'aikata.

ALLURA ƊAYA A KAN LOKACI

Mutanenmu da yawa suna ganin asibitin kirki shi ne wanda ke yi wa mutum allura safe da yamma har mako guda bayan aiki. Bincike ya nuna wani abu dabam.

A shekarar 1961 wani likita a birnin Boston na Amurka, John Burke, ya yi gwaji da ɓerayen Masar. Ya ga idan maganin kashe ƙwayoyin cuta yana cikin jini kafin ƙwayoyin su shiga miki, yana hana ruɓa. Idan an yi jinkiri har awa 3 ta wuce, amfaninsa na rigakafi ya tafi. A shekarar 1992 aka buga ƙidayar mutum 2,847 a wani asibiti na Amurka, ta tabbatar da haka a jikin mutane. Waɗanda aka ba maganin cikin awa 2 kafin a sa wuƙa, 6 cikin 1,000 ne mikinsu ya ruɓe. Waɗanda aka ba cikin awa 3 bayan an fara, 14 ne. Waɗanda aka ba bayan haka, 33 ne. Waɗanda kuma aka yi gaggawar ba su tun awoyi da yawa kafin aiki, 38 ne, gama kafin a sa wuƙa ƙarfin maganin ya ragu.

Kowane manomi ya san garin maganin da ake cuɗa iri da shi kafin shuka. Wanda ya bari sai ƙwari sun cinye irin a rami sa'an nan ya zo yana barbaɗa magani, ya yi asarar kuɗinsa. Haka allurar rigakafin miki take. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ba da ita cikin minti 120 kafin a yanka, kada kuma a ci gaba da bayarwa don rigakafi bayan an gama aiki.

Yawan shan maganin ba gaira yana da tasa illa. Kun ga yadda wasu ƙwarin gona suka daina jin feshin da a dā yake kashe su. Ƙwayoyin cuta ma haka suke kangarewa. A cikin ƙidayar nan ta 2018, da aka auna mugunyar wasu masu jinya, an tarar 1 cikin 5 ƙwayoyin cutarsu ba sa jin maganin da aka bayar kafin aiki. A ƙasashe matalauta sun fi 1 cikin 3.

Amma a lura da kyau. Idan cuta ta riga ta shiga tun kafin aiki, misali hanji ya huje, ko miki ya riga ya ruɓe, likita zai rubuta magani na kwanaki. Wannan jinya ce, dole a sha shi duka yadda aka faɗa. Abin da ake hanawa shi ne mutum ya je kemis ya sayo kafso da kansa, ko ya matsa wa nas ta ƙara masa allura.

GWAJI BIYU DA AKA YI DA NIJERIYA DA GANA

Yawancin binciken dā a Turai da Amurka aka yi su. Abin da ya yi kyau a can kuwa ba lalle ne ya yi kyau a nan ba, kamar yadda irin da ya yi albarka a wata ƙasa yakan ƙi a wata. Saboda haka likitocin ƙasashe 7, watau Nijeriya, Gana, Jamhuriyar Benin, Ruwanda, Afirka ta Kudu, Indiya da Meksiko, suka haɗa kai da Jami'ar Bamingham ta Ingila suka yi manyan gwaje-gwaje biyu a kan aikin ciki, dukansu da ƙuri'a.

Na farko ana kiransa FALCON, an buga sakamakonsa a shekarar 2021. Ya ƙunshi mutum 5,788 a asibitoci 54. An gwada abu biyu da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a kansu a 2016. Ɗaya shi ne goge fata da wani magani mai suna kuloheksidin da aka haɗa da sifirit, maimakon ruwan aidin da aka saba. Na biyu shi ne ɗinki da zaren da aka shafe da maganin kashe ƙwayoyin cuta, maimakon zare na kullum. Dukansu biyu sun fi tsada. Da aka ƙirga, ba a ga wani bambanci na kirki ba. Mutum 22 cikin 100 mikinsu ya ruɓe, ko an yi da mai tsada ko da mai araha. Wannan sakamako ya yi amfani ƙwarai, gama ya nuna wa ƙananan asibitoci inda ba sai sun zuba kuɗinsu ba. Wanda aka goge wa ciki da aidin aka ɗinke shi da zare na kullum, ba a rage shi da kome ba.

Na biyu ana kiransa ChEETAh, an buga shi a shekarar 2022. Ya ƙunshi mutum 13,301 a asibitoci 81. A nan asibitoci aka raba da ƙuri'a. A kashi ɗaya aka ci gaba yadda aka saba. A ɗaya kashin, sa'ad da aka gama aikin cikin ciki aka zo rufewa, sai likita da mataimakansa su cire safar hannunsu su sa sababbi, a kuma ɗauko wasu almakashi da kayan ɗinki masu tsabta da aka ajiye gefe tun farko. Dalili a fili yake. Hannun da ya yi awa guda yana taɓa hanji, shi ne zai zo ya riƙe naman bakin miki.

A asibitocin da suka bi tsohuwar hanya, kusan mutum 19 cikin 100 mikinsu ya ruɓe. A waɗanda suka canja safa da kayan aiki, 16 ne. Wani zai ce bambancin kaɗan ne. Amma ku lissafa. Cikin kowane aiki 1,000, kusan mutum 30 ke nan aka tsare daga mugunya da doguwar jinya, da kuɗin 'yan safar roba kawai.

TAKARDAR TUNI

Sanin abin da ya kamata dabam, tunawa da shi ranar da aiki ya yi yawa dabam. Domin haka Hukumar Lafiya ta Duniya ta shirya takarda mai tambayoyi 19 da ake karantawa da murya a ɗakin tiyata. Wannan shi ne mai jinyar? An tafasa kayan aiki? An yi allurar rigakafi? An ƙirga auduga da allurai kafin rufe ciki? An gwada takardar a asibitoci 8 na duniya a 2007 da 2008. Ɗaya daga cikinsu asibitin mishan ne na karkara a garin Ifakara na Tanzaniya. Da aka haɗa lissafin asibitocin duka, ruɓar miki ta sauko daga 62 cikin 1,000 zuwa 34, mutuwa kuma daga 15 cikin 1,000 zuwa 8. 'Yan'uwanmu da ke cikin kwamitocin asibitocin ekklesiya suna iya tambaya cikin ladabi ko ana amfani da wannan takarda, ko kuma akwai isassun safar hannu da za a canja.

JIKIN MAI JINYA DA ZUWA DA WURI

Ƙarfin jikin mutum yana da nasa rabo. Miki da abinci ake gina shi. Wanda ya rame, ko jininsa ya yi ƙasa, ko mai ciwon sukarin da ba a kula da shi ba, mikinsa ya fi saurin ruɓa. Taba ma haka, gama tana rage jinin da ke kaiwa fata. A ƙasar Denmak, a shekarar 2002, aka raba mashaya taba 120 da za a yi wa aikin ƙugu ko gwiwa. Aka taimaki rabinsu su bari ko su rage tun saura mako 6 zuwa 8. Cikin waɗanda aka taimaka, 5 cikin 100 ne suka sami matsalar miki. Cikin sauran kuwa 31 ne.

Abu mafi girma da ke hannunmu shi ne zuwa da wuri. Ƙabar da aka gyara tun tana shiga tana fita, aiki ne mai tsabta. Ƙabar da aka bari har ta shaƙe hanji ya ruɓe, ko zazzaɓin taifot da aka bari har ya huda hanji, ko naƙudar da aka bari kwana biyu a gida, duk aiki ne a cikin ƙazanta. Ƙidayar 2018 ta nuna cewa a ƙasashe matalauta, idan ciki ya riga ya gurɓata kafin a buɗe, kusan mutum 40 cikin 100 mikinsu yakan ruɓe. Jinkirin da ake yi don gudun kashe kuɗi, shi ne yake ninka kuɗin.

ABIN DA YA KAMATA A YI

Kafin aiki:

1. A gaya wa likita gaskiya game da taba, da giya, da ciwon sukari, da kowane magani da ake sha, har da na gargajiya.
2. A bar taba tun da sauran makonni.
3. A ci abinci mai gina jiki, kamar wake, gyaɗa, ƙwai, nono, kifi, nama da ganye.
4. A yi wanka da sabulu da daddare ko da safen ranar aiki. A yanke farce. Kada reza ta taɓa wurin.

Bayan an koma gida:

1. Duk wanda zai taɓa miki ko bandeji ya wanke hannu da sabulu da ruwa mai tsabta, kafin ya taɓa da bayan ya taɓa.
2. Kada a buɗe bandeji don a nuna wa masu zuwa gaisuwa. In ya jiƙe ko ya yi dauɗa, a je ɗakin shan magani a canja.
3. Kada a sa wa miki toka, ko ƙasa, ko kashin shanu, ko garin saiwa, ko man shanu, ko garin kafso. Ƙasa da kashin dabbobi suna ɗauke da ƙwayar ciwon sarƙe haƙora, wanda likitoci ke kira tetanus, mai saurin kisa.
4. Mai jinya ya kwana a kan wankakken zane da ya sha rana. A nisantar da kaji da awaki daga ɗakin, a tsare miki daga ƙudaje.
5. In a garinku ana cewa ƙwai ko gyaɗa ko nono suna jawo mugunya, ku sani ƙwayoyin cuta ne ke jawo ta. Waɗannan abinci su ne ke rufe miki.
6. Kada a koma ga fartanya ko ɗaukar buhu sai likita ya yarda. A koma ranar da aka sa don cire zare, ko da miki ya yi kyau.

ALAMUN DA BA A JIRA DA SU

Sau da yawa ruɓa ba ta bayyana sai bayan kwana huɗu ko biyar ko mako guda, lokacin da mutum ya riga ya koma gida. Saboda haka idon iyali shi ne mai gadi. A koma asibiti a ranar, kada a jira ranar kasuwa, in an ga ɗaya daga cikin waɗannan: zafin miki yana ƙaruwa maimakon ya ragu, wurin ya kumbura, ya yi ɗumi, fatar ta yi ja ko ta yi sheƙi, mugunya ko ruwa mai wari yana fita, ɗinki ya soma buɗewa, zazzaɓi da rawar sanyi, ciki ya kumbura da amai, muƙamuƙi ya ƙi buɗewa. Mikin da aka kai da wuri, sau da yawa cire zare ɗaya ko biyu da wanki ya ishe shi. Wanda aka ɓoye, yakan kai ga sabon aiki ko cutar ta shiga jini.

RABON ƘUNGIYA

Ba don rashin hankali mutane suke jinkiri ba. Yawanci rashin kuɗi ne da tsoron barin gona. A nan ƙungiyar gama kai take da abin yi. A taronku na gaba ku yi shawara a kan waɗannan:

A buɗe asusun lafiya, kowane ɗan ƙungiya ya zuba 'yan mudu na hatsi da kaka, domin wanda aiki ya kama ya sami rance nan da nan. A san mai motar da za a tasa da tsakar dare, a kuma shirya yadda za a biya shi. Masu ƙaba su je likita ya duba su da zarar an gama girbi, domin in za a yi aiki su warke kafin bazara. Amma ƙabar da ta ƙi komawa, tana ciwo, ga amai, ba ta jiran rani, a tafi a daren. A sa gayya a gonar wanda yake jinya, domin kada damuwa ta fitar da shi da ɗanyen miki. Zumuntar mata kuma ta raba kwana a kan matar da aka yi wa aikin haihuwa, wata ta ɗebo ruwa, wata ta yi daka, wata ta wanke zannuwa, har ta yi ƙarfi. A zaɓi mutum ɗaya ko biyu su je wurin ma'aikacin lafiya na kusa su koyi alamun da muka lissafa, su riƙa leƙa mai jinya har kwana 30 su cika.

Warkarwa ta Allah ce, shi ne kuma ya ba mutane basirar yin bincike, ya ba mu ruwa da sabulu da 'yan'uwa. Mu karanta wannan a taro domin waɗanda ba su iya karatu ba su ji. Mu riƙa tunawa da marasa lafiya cikin addu'a, tare da likitoci da nas-nas da masu tafasa kayan aiki waɗanda ba a ganinsu. Ubangiji ya ba mu lafiya da damina mai albarka. Amin.